Kamfani na son gonakinmu shekara 30 don dashen itatuwa, wai kuɗin iska za a biya mu

Dan_Kangiwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma kafin ranar Asabar da za a yi taron sa hannu. Makon jiya wasu baƙi sun sauka ƙofar hakiminmu a nan ƙasar Arewa ta jihar Kebbi, mota biyu. Sun ce daga wani kamfanin dashen itatuwa suke, suna son tudun da ke arewacin gari kaf, har da gonakin da muke zuba gero. Za su kawo dashe kyauta, su haƙa rijiyar burtsatse, su ɗauki samari aikin ban ruwa. Sharaɗinsu shi ne yarjejeniyar shekara 30, ba sara, ba ƙona gawayi, dabba ba ta shiga sai itatuwan sun yi ƙarfi. Kuɗi kuwa wai daga "kabon" za su fito. Turawa ne za su riƙa biya saboda itatuwan na shanye hayaƙin masana'antunsu, mu kuma a ba mu kasonmu.

Baba yana da gona biyu a wurin. Ya haura saba'in, ya miƙo mini takardar ya ce, "Kai da ka yi boko, duba." Shafi 14 ce da Turanci, na karanta sau uku har kaina ya ɗau zafi. Akwai wanda ya taɓa ganin an biya kuɗin nan da idonsa? Kuma in itatuwan suka rufe, a ina za mu shuka gero?

Sarkin_Zolaya:
To fa! An gama da shinkafa da albasa, yanzu iska ake saye. Tambaye su ko suna karɓar ƙurar hunturu, muna da ita buhu-buhu a Argungu.

MalaminGona_BK:
Wa alaikumus salam. Sarkin_Zolaya ka ba ni dariya, amma abin yana da tushe. Itace na zuƙar iskar kabon ta ganyensa ya gina jikinsa da ita. In ka busar da icce, kusan rabin nauyinsa kabon ne, kuma kowane kilo ɗaya na kabon da ke jikinsa daidai yake da kilo 3.67 na iskar da ya janyo daga sama. Abin da ake sayarwa takardar shaida ce, cewa an tsare tan ɗaya na iskar nan. Kamfanin jiragen sama ko na mai a Turai ya saya, ya rubuta a littafinsa cewa ya rage ɓarna.

Yanzu mu yi lissafin ƙauye. A ce bishiya ta girma har busasshen iccenta ya kai kilo 300. Kabon 150 ke nan, iska kamar kilo 550. Wato sai an haɗa manyan bishiyoyi biyu irin wannan kafin a sami takarda ɗaya. A ƙasarmu mai damina wata huɗu, shekara nawa dashe zai yi kafin ya kai nan? Sannan daga kuɗin takardar za a cire na masu awo, na masu tantancewa, na dillali, na kamfani, a kuma ware wani kaso a ajiye saboda gobara ko fari. Ragowar ita ake raba wa manoma. Shi ya sa suke neman fili mai faɗi da shekaru masu yawa. Kada kowa ya sayar da akuyarsa yana jiran kuɗin kabon bana ko baɗi.

Kawu_Na_Yeldu:
Ɗana, ni ban yi boko ba, jikana ka rubuta min wanga. Tun ina saurayi nike ganin dashen icce. Duk damana manya su zaka, a gina rami, a ɗauki hoto, a tahi. Kahin hunturu ya hita awaki sun cinye rabi, gara ta gama da saura. Amma bedin da mahaifina yad dasa ƙohwar gida har yau shina nan, don nashi na, ruwan alwalatai yaka ba shi sahe da marece. Dashe ba shi da wuya, reno ad da wuya. Ka tambaye su magana guda: iccen ga na wa na? In nasu na, su zo su yi tsaronai. In naku na, mi as sa ba ku iya sare ko reshe guda?

Lauyan_Kauye:
Dan_Kangiwa, kada Baba ya dangwala yatsa ranar Asabar, ko da kowa ya dangwala. Ban ce kamfanin macuci ne ba, ban ga takardar ba. Amma ka san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, yawancin manomanmu kuma ba su da takarda ko ɗaya, shaidarsu maƙwabta ne da dattawan gari. Idan kamfani ya ɗauki sa hannunku ya je ya samo takardar mallaka a kan tudun gaba ɗaya, ranar da rigima ta tashi shi ne mai takarda, ku ne masu baki.

Ka nemo mini abubuwan nan a ciki. Haya ce ko miƙa haƙƙi? An rubuta kasonku da lamba, ko cewa aka yi "kaso mai kyau"? Daga kuɗin da aka sayar za a raba, ko daga ribar da ta rage bayan kamfani ya cire ɗawainiyarsa? Wannan na biyun ramin kura ne, don ɗawainiya ba ta ƙarewa a takarda. In wuta ta ci itatuwan ko fari ya kashe su, wa ke da asara? Kuma suna da ikon sayar da yarjejeniyar ga wani kamfanin ba da saninku ba? Ku nemi a fassara ta da Hausa, a karanta a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, a bar muku kwafi. Wanda ya ƙi wannan ya ba ku amsa tun ba ku tambaya ba.

Dan_Kangiwa:
Ranka ya daɗe Lauya, na duba. Shafi na 9 ya ce suna iya miƙa haƙƙinsu ga wani. Kason kuwa daga ribar da ta rage ne, kamar yadda ka faɗa. Iccen da suka rubuta mafi yawa turare ne, tazarar mita uku-uku. Kawu, tambayarka ita Baba ya fara yi musu, suka ce itatuwan "na kowa ne".

MalaminGona_BK:
Turare mita uku-uku? To an gama maganar gero. Hekta ɗaya za ta ɗauki sama da dashe 1,100 a wannan tazarar. Shekarar farko da ta biyu za ku iya shuka a tsakani, daga nan inuwa da saiwa su kore ku. Turare na girma da sauri, abin da masu lissafin kabon ke so ke nan, amma mashayin ruwa ne, ganyensa ba ya ruɓewa da wuri, dabba ba ta cinsa. A gefen hanya ko a matsayin shingen tare iska yana da amfaninsa, ana samun azara da turaku. A tsakiyar gonar gero kuwa kishiya ce aka kawo.

Ku kwatanta da gawo. Da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, saiwarsa na ƙara wa ƙasa taki, da rani ya yi ganye dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su bar kashi. Kowane manomi a zauren nan ya san geron gindin gawo ya fi na sauran gona tsayi.

Direban_Kamba:
Ni abin da na gani da idona zan faɗa. Ina lodi daga Kamba zuwa Gaya da Dosso, a da har Maraɗi nakan kai. Wanda ya bi ƙauyukan Maraɗi da Damagaram zai ga gonaki cike da gawo da kalgo da sabara, kuma ba dasa su aka yi ba. Sassabin zamani suke ce masa. Lokacin sharar gona, maimakon a tumɓuke kututture a ƙone, sai a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Saiwar tana nan a ƙasa tun da, ba ta neman ban ruwa. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yaɗa abin a yankin Maraɗi daga shekarun 1980, yanzu ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Ba leda, ba tankar ruwa. Wani dattijo da muka kwana garinsu ya ce mini abin da ya sauya shi ne ranar da manomi ya daina tsoron malamin daji, ya tabbata iccen da ya rena a gonarsa nasa ne. Wannan ya yi daidai da maganar Kawu.

Alhajin_Jega:
Ku dai kuna da saurin ganin baƙi. Duk wanda ya zo da abu sai a ce ramin kura. Direba, su mutanen Maraɗi wa ya biya su ko sisi a kan itatuwan nan? Sun yi wa duniya aiki kyauta. Yanzu ga masu kuɗi sun ce za su biya, mu kuma muna ja da baya. Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi tun 2021, gwamnati ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya a Glasgow cewa zuwa 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa. Kasuwar nan ta zo ke nan, da mu ko ba mu. Samarinmu kaka na wucewa sun kama hanyar Legas ci-rani. In ban ruwan dashe zai riƙe ko ashirin a gari, ai an rage wani abu. Kowane gari yana da faƙon da ko ciyawa ba ta fitowa. A ba su faƙon, a riƙe gonaki, a yi ciniki kamar yadda ake yi a kasuwa. Ba a ƙin tayi, sai dai a ce albarka.

Jauro_Bunza:
Alhaji, wannan faƙon da kake kyauta da shi, ka taɓa zuwa wurin da damina? Idan gonaki suka rufe, fadama ta cika da ruwa da shinkafa, can muke tsayawa da shanu. Abin da mai mota ya hanga ya ce fili ne ba kowa, mu wurin kwananmu ne wata huɗu. Burtalin da kakanninmu suka bi an cinye rabinsa da noma, in aka zagaye ragowar da waya shekara biyar, ta ina za mu bi zuwa mashaya? Saniya ba ta karanta allo. Za ta shiga, a kama yaro, a ci tara, gobe a ce Fulani sun ɓata dashe. Dan_Kangiwa, kai Ba'are, an kira ubangijinka Bafillace wurin taron ko kun rufe ƙofa kun raba ƙasata?

Dan_Kangiwa:
Jauro, yaushe bawa ya zama ubangiji? Amma gaskiyarka, ba a kira Ardo ba. Kuma burtali ya ratsa ta gabashin tudun. Ban ma kawo wannan a raina ba sai yanzu.

Jauro_Bunza:
To ka gani. In gawo za a bari, mu ne za mu fi kowa tsaronsa, 'ya'yansa abincin dabba ne har sayensu muke yi a kasuwa. Turare kuwa ko akuya mai yunwa ba ta kallonsa.

Inna_MaiDaddawa:
Kun yi ta magana, maza da shanu da takarda. Mata fa? Ni daga wajen Zuru nake, sana'ata daddawa, uwata ma ita ta yi. Gona ta namiji ce, amma kalwa da 'ya'yan kaɗanya da ganyen kuka da itacen girki, mace ce ke tsinta. Da kuɗin man kaɗe na yi wa 'yata kayan ɗaki. Idan aka ce ba shiga, ba sara, ba tsinta, namiji zai karɓi kasonsa a aljihu in ma an biya, mace kuma ta ƙara tafiyar awa guda neman makamashi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, masu girki da gas da yawa sun koma murhu. A wane taro aka tambayi mata da me za su dafa tuwo?

Sannan ina da tambaya ga Malamin Gona. Ɗorawar da ke gonarmu ta girmi mijina. Mu muka hana a sare ta. Ita ba ta shan iskar ne? Me ya sa sai sabon dashe za a biya?

MalaminGona_BK:
Inna, kin taɓo inda ke yi wa kasuwar nan ciwo. Ƙa'idarsu ita ce ana biyan abin da ba zai faru ba in ba don kuɗinsu ba. Ɗorawarki tana nan tun kafin su zo, don haka a lissafinsu ba ƙari ba ce. Wanda ya aske gonarsa ƙwal shi ke da wurin dashe, shi za a biya. Wanda ya rena itatuwansa shekara arba'in ya tashi da na gode. Akwai wani nau'in da ake biya don hana sare daji, amma sai an nuna cewa da ma za a sare shi, kuma a nan ne aka fi samun ƙarin gishiri.

MaiGawayi_Koko:
Na san yanzu za a juyo kanmu. E, muna sare ƙirya da marke, wasu har kaɗanya. Amma wa ke saye? Motocin da ke lodi Birnin Kebbi da Sakkwato suke kai wa, gidajen masu yi mana wa'azi. A ba ni aikin da zai ciyar da mutum tara, yau in ajiye gatari.

Inna_MaiDaddawa:
Ƙanena, ba wanda ya ce ka kwana da yunwa. Amma kaɗanya sai ta yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, kai kuma ka mai da ita buhu uku a yini ɗaya. Ka bar mana mai 'ya'ya, ka nemi busasshe.

Dan_Mafara:
Mu a Zamfara in aka ce "ku ba da gona, za ku amfana daga baya", Bakalori muke tunawa. An gama madatsar a 1978, aka karɓi gonaki, aka yi ta ja-in-ja a kan diyya, manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 aka buɗe musu wuta. Ba na cewa wannan kamar wancan ne, amma tsofaffinmu ba sa sa hannu da gaggawa tun daga lokacin.

Abu na biyu, kada a ji haushina. Ku dubi dajin Rugu da Sububu da Kuyambana, su wa ke ciki yau? Mu da muke noma da rai a hannu, in ka ce za ka kafa mana kurmi mai duhu a bayan gari, wanda aka hana manomi da makiyayi shiga, gabanmu faɗuwa yake yi. A wasu garuruwanmu ko dawa mai tsayi ba a son shukawa kusa da gida.

Dalibar_Aliero:
Yaya Dan_Mafara, Allah ya kawo muku sauƙi. Amma ba icce ne ya kawo 'yan bindiga ba, rashin hukuma a wurin ne. Gona mai itatuwa jefi-jefi da mutane ke shiga kullum daban take da dajin da aka kulle.

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya wani ne. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. Waɗanda suka fitar suna son su ci gaba, sai a nemo ƙasar talaka mai arha a ce ta shanye. Wani rahoto na 2022 ya tattara alkawuran da ƙasashe suka yi na shanye hayaƙi ta dashe da gyaran ƙasa, ya ga suna buƙatar fili kusan hekta biliyan 1.2, kusan girman duk ƙasar da ake nomawa a duniya. Daga ina za ta fito in ba daga irin tudun su Dan_Kangiwa ba? A 2023 wani kamfanin Dubai mai suna Blue Carbon ya ƙulla zance da Laberiya a kan kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasarta, aka yi ta hayaniya don ba a tuntuɓi mazauna wuraren ba. A shekarar kuma jaridar Guardian ta Ingila da abokan aikinta suka wallafa binciken da ya ce sama da kashi 90 cikin 100 na takardun kare dazuzzukan da Verra, babbar ƙungiyar tantance takardun kabon, ta tantance ba su rage hayaƙin da aka ce sun rage ba. Verra ta musanta, amma darajar takardun ta faɗi. In farashi ya sake faɗuwa a shekara ta bakwai, kamfani ya naɗe tabarmarsa, wa zai tumɓuke wa Baba kututturen turare dubu?

Kuma man fetur ya yi miliyoyin shekaru a binne. Icce kuwa ashana ɗaya ta ishe shi ya mayar da iskarsa sama.

Alhajin_Jega:
'Yata, karatunki ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Amma laifin Turawa ba ya cika rumbu. Hamada na cin gonaki a Arewa da Dandi ko an sa hannu ko ba a sa ba. Ni cewa nake yi a gyara sharaɗin, ba a kori baƙon ba. A ce musu daƙwara muke so a faƙo, mu riƙa tsintar ƙaro muna sayarwa, gawo da bagaruwa a gonaki da tazara mai faɗi, kuɗin haya kuma a hannu duk shekara, kabon in ya zo ƙari ne.

Bako_Daga_Augie:
Wai wannan ba shi ne shirin katangar itatuwa na gwamnati ba? Na ɗauka duk abu ɗaya ne.

MalaminGona_BK:
A'a, daban suke. Babbar katangar itatuwa shiri ne na Tarayyar Afirka tun 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, kusan kilomita 8,000, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 zuwa 2030. A Najeriya jihohi 11 ne a ciki har da Kebbi da Zamfara da Sakkwato, a Bachaka ma nan ƙasar Arewa shugaba Jonathan ya ƙaddamar da shi a 2014, aka kafa masa hukuma a 2015. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce hekta miliyan 4 aka farfaɗo a yankin katangar, wato kashi 4 cikin 100. Masu shirin da kansu sun sassauta daga tunanin jera itatuwa layi guda, sun karkata ga gyaran gonaki da renon toho irin wanda Direba ya faɗa. Akwai kuma ACReSAL, shirin gyaran ƙasa a yankuna masu ƙarancin ruwa na Bankin Duniya, dala miliyan 700, a jihohin Arewa 19 da Abuja. Baƙin su Dan_Kangiwa kuwa 'yan kasuwa ne. Ba laifi ba ne, amma a yi musu kallon abokin ciniki, ba mai kawo agaji ba. In sun ce da yawun gwamnati suka zo, a je ma'aikatar muhalli a Birnin Kebbi a tabbatar.

Almajirin_Gwandu:
Dashen icce dai ba a jayayya a kan falalarsa. Ya tabbata a hadisi cewa Musulmi ba zai dasa icce ba, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga gare shi, face an rubuta masa sadaka. Ku lura da "su ci". Amma ciniki yana da nasa hukuncin. Hayar ƙasa da kuɗi sananne zuwa lokaci sananne abu ne da malamai suka sani. Kason ribar da ba a san yawanta ba, ba a san ranar zuwanta ba, kuma ɗaya ɓangaren ne kaɗai ke riƙe da littafin lissafi, wannan a kai shi gaban malamai su duba ko akwai garari a ciki. Sai maganar gado. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, amma shekara 30 ba kwana 30 ba ce. Gonar za ta koma hannun magada, wataƙila da mata da marayu, kowa da buƙatarsa. Wanda ya so ya noma rabonsa ko ya sayar, ya tarar an ɗaure. Ya kamata a zauna da 'ya'ya duka kafin a yanke.

Manomin_Aro:
Ina ta karantawa ban ga wanda ya ambace mu ba. Ni ba ni da gona ko taki ɗaya. Aro nake yi wurin wani da ke aiki a birni, in kaka ta yi in kai masa dami biyu na godiya. Irinmu muna da yawa a kowane gari. Ranar da aka ce masa gonarsa za ta kawo kuɗi yana zaune a ofis, kuna ganin zai sake ba ni aro? Sunana ba ya cikin kowace takarda, ba wanda zai ba ni kaso.

Lauyan_Kauye:
Manomin_Aro, wannan ita ce maganar da ta fi kowace nauyi a zauren nan, kuma doka ba ta da abin da za ta ba ka sosai. Sai dai gari ya sa shi cikin sharaɗi da kansa.

Sarkin_Zolaya:
Ni dai har yanzu ban ga wanda ya amsa tambayar farko ba. Wa ya ga kuɗin da idonsa? Shiru kake ji.

Direban_Kamba:
Ni ban gani ba. Itacen girki da harawar ganye da geron gindin gawo, su na gani.

Dan_Kangiwa:
Jama'a na gode ƙwarai, ga yadda aka kwana. An yi taron yau Asabar. Na karanta tambayoyin Lauya ɗaya bayan ɗaya, Liman ya kawo maganar gado, Ardo ya zo da kansa bayan na je na same shi jiya da dare. Wakilin kamfanin bai yi fushi ba, ya ce fassara ba matsala, maganar canza turare da shafi na 9 kuwa sai ya koma ya tambayi manyansa. Ya kuma ce in mun ja lokaci akwai garuruwan da ke jira. Gari ya rabu. Masu gonaki da yawa da 'yan'uwanmu na birni suna son a sa hannu, samari na hangen aikin ban ruwa da burtsatse, masu gona ɗaya sun yi tsit. Hakimi ya ɗage zance sai bayan an gama girbi. Baba bai ce uffan ba a wurin, da muka dawo gida ya ce ƙaramar gonar, mai faƙo a gefe, yana iya bayarwa in haya ce a hannu, babbar kuwa ko za a ba shi jirgin sama.

Inna_MaiDaddawa:
Matan fa, an kira su?

Dan_Kangiwa:
Inna, ba a kira su ba. Na faɗa wa hakimi, ya ce zai sa a yi musu nasu zaman a makarantar Islamiyya.

Kawu_Na_Yeldu:
Ka gaishe min da Babanka. Ka ce mai in an zo sassabe bana, ya bar tohon gawo da kalgo ko ba kamfani, ya ɗaura musu tsumma don yara su gane.

Alhajin_Jega:
Sai bayan girbi? Kafin nan sun tafi wani gari da burtsatsensu. Ku rubuta ku ajiye.

Dan_Dandi_01:
Salamu alaikum, yanzu aka sa ni a zauren nan. Mota biyu sun sauka ƙofar hakiminmu shekaranjiya da irin wannan zance. Dan_Kangiwa don Allah turo mini hoton shafi na 9 ɗin nan in gwada da tamu.